Kalmomi Biyu Ne

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma, na kashe ɗan mabuɗin da 'yata ta saka mini a waya. Kafin a kira magariba na rasa muryar matata.

Matar tawa ta rasu wata goma sha huɗu kafin wannan Talatar, saboda haka kada wani ya yi saurin rubuto mini ta'aziyya a ƙasan shafin nan. An yi mini, na amsa, an ci shinkafar sadaka an watse. Maganar muryarta nake yi. Ku bi ni a hankali. Wanda kuma zai yi sharhi, don Allah ya raba kalmominsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rubutu a wata maɗaba'a da ke Ilupeju, idona ya gaji da "inason" da "yakamata".

Sunana Abdulgani Sanda. A Agege aka haife ni, a gidan da kakana ya gina bayan ya bar soja, kuma har yau ina ɗakin da ke kallon titin jirgi. Ba mai kirana da sunan nan sai yayata. Duk unguwa Malam Gyara ake ce mini, kuma Safinatu ce ta raɗa mini shi a makon farko na aurenmu, ranar da na ɗauki jan biro na gyara takardar cefanen da ta rubuta. Na miƙa mata ina jiran godiya. Ta duba, ta ce, "To Malam Gyara, tunda ka gyara tattasan, sai ka je ka sayo shi."

Haka muka zauna shekara ashirin da tara. Ina gyarawa, tana dariya.

Ga abin da 'yata kaɗai ta sani. Ranar da Safinatu za ta rasu, kwananta tara a asibiti da ciwon ƙoda, ta turo mini saƙo da hantsi: "Kazo da wuri yau." Ina gida ina guga. Na karanta, na ajiye dutsen gugar, na rubuta mata: "Ka zo. Kalmomi biyu ne." Na tura. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wasa nake yi. Rabinsa wasa ne. Sauran rabin hali ne.

Ba a yi minti biyu ba sai ga saƙon murya. Daƙiƙa arba'in da bakwai. Na ce faɗa ne, bari in isa ta yi mini shi ido da ido. Na ƙarasa gugata, har da hankici. Na yi azahar. Na shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya, wata tanka ta gitta a Abule Egba, muka tsaya awa biyu. Da na isa an riga an ja labule.

Ban buɗe saƙon ba. Ranar farko ban iya ba. Ranar bakwai ban iya ba. Daga nan ya zame mini wani abu dabam: muddin ban danna ba, Safinatu tana da sauran magana a duniya. Kullum bayan asuba nakan buɗe wayar, in kalli ɗan koren ɗigon da ke gefen saƙon, in rufe. Tata wayar kuwa ta faɗa rabon ƙanenta Murtala wajen gado, kuma kafin ya tambayi kowa ya kai an wanke ta tas. Wanda ke hannuna shi kaɗai ya rage.

Nuriyya, 'yata tilo, tana aure a Dopemu, tana aiki a ofishin wani kamfanin ajiyar kaya. Sau nawa ta roƙe ni.

"Baba, ka bari in kwafe shi in ajiye a wani wuri. Wallahi ba zan ji ba."

"Ni aka turo wa."

"Uwata ce."

"Na sani. Ina wurin lokacin da aka yi."

Ta kan kalle ni irin kallon uwarta, sai dai babu dariyar a ciki.

Da ta ga ba zan ba ta ba, sai ta zo wata Lahadi ta karɓi wayar a gabana, ta yi 'yan danne-danne, ta miƙo mini. A can sama, kusa da agogo, wani ɗan mabuɗi ya bayyana.

"Wannan fa?"

"VPN sunansa. Baba, na san ka da son Wi-Fi na kyauta. Asibiti, gidan abinci, tashar mota, duk inda ka gani sai ka hau."

"Ba sata nake yi ba. Kyauta aka rubuta."

"Shi ne matsalar. Idan ka hau irin wannan, kamar ka ba baƙo wasiƙarka ne a buɗe ka ce ya kai maka. Ba ka san wa ya kafa shi ba. Zai iya leƙawa, zai iya kai ka gidan da ba shi ka nufa ba. Mabuɗin nan yana liƙe wasiƙar a ambulan kafin ta bar hannunka. Ka gane?"

"Ni kike tambaya ko na gane ambulan?"

"To ka ji sauran. Wata rana za ka hau wani Wi-Fi, ka ga ya ƙi tafiya. Kada ka kashe mabuɗin. Ka sauka, ka sayi data, ko ka kira ni. Kuma duk shafin da ya ce ka rubuta kalmar sirrinka kafin ya ba ka abin kyauta, ka rufe shi. Mabuɗi ba ya hana mutum miƙa kayansa da hannunsa."

Na ce na ji. Ni da na karanta littattafan da suka fi ta nauyi.

Yanzu sai mu zo kan Yaya Hansai. Ita ce babbarmu, tana sayar da ƙanzo da man shanu a bakin kasuwa, kuma tun da aka yi arba'in ta ɗaura ɗamarar aurar da ni. Takan shigo ba sallama, ta buɗe tukunyata, ta yi tsaki.

"Abdulgani, namiji ba ya takaba. Dubi wuyanka kamar na zabo. Dubi abin da kake kira miya."

"Ni ke ci."

"Shi ya sa nake kuka."

Mata huɗu ta kawo mini sunayensu, na ƙi. Ta biyar ba ta kawo suna ba, ta kawo ta da kanta, wai rakiya ta yi mata. Mouna. 'Yar Damagaram, mai sayar da lafaya da humra, mijinta direban babbar mota ne da ya rasu a hanyar Mile 2 shekara uku da suka wuce. Doguwa, baƙa, mai wushirya, ba ta sauri a magana. Ta shiga ɗakina ta tsaya gaban kantar littattafai, ta kira ni da "malam" ɗinsu na Faransanci, ta ce, "Mushe, duk ka karanta su, ko tsoratar da baƙi kake yi?"

Ban so in yi dariya ba. Na yi.

Muka fara rubuta wa juna saƙo. Sau uku na gyara mata rubutu. A na ukun ta amsa, ta fara da "to" ɗinsu na Faransanci: "Bon. Daga yau murya zan riƙa turo maka, in ga inda za ka sa jan biro." Ku lura da wannan, zai dawo.

Nuriyya ba ta ce komai ba, wanda a gidanmu shi ne babban faɗa. Ta daina zama idan ta zo. Ta kwashe kwanukan uwarta na tangaran ta kai gidanta ba tare da ta tambaye ni ba. Sai wata rana Yaya Hansai ta leƙa wayata, ta nuna saman da ɗan yatsa.

"Wannan makullin fa?"

"Nuriyya ce ta saka. Wai tsaro."

"Tsaro!" Ta tafa hannu. "Kwaɗo ta sa maka, ɗan'uwana. Makulli a wayarka, to wa ke riƙe da shi? Duk abin da ka rubuta wa Mouna a gabanta yake sauka. 'Ya'yan yanzu!"

Yaya Hansai ba ta iya duba lambar da ta kira ta ba sai an duba mata. Na san haka. Amma na ajiye maganarta a wani lungu na zuciyata, saboda ta yi daidai da abin da nake so in ji. Mutum mai jin kunyar abin da yake yi, kowa ɗan leƙen asiri ne a wurinsa.

Ranar Talatar muka yi da Mouna za mu haɗu a wani gidan abinci kusa da gadar Abule Egba, Iya Moyo Kitchen, inda ba 'yan unguwa. Na sa farar shadda mai aikin wuya ruwan toka, wadda ban taɓa ba tun Sallar da Safinatu ta yi ta ƙarshe. Na karya hula. Na rage gemu. Na shafa turare a bayan kunne kamar ɗan sakandare. A bakin ƙofar gidan abincin na ga fuskata a gilashi, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, sai na cire shi na sa a aljihu.

Ku sake karanta wannan layin. Shekara sittin da biyu, mai gyaran rubutu, ya cire idonsa ya sa a aljihu don mace ta ce bai tsufa ba.

Ƙarfe huɗu ta yi, ba Mouna. Na sha ruwa. Na gyara zaman hula. Sai wayar ta yi ƙara: saƙon murya daga gare ta. Na danna, ya yi ta juyawa, ya ƙi sauka. Data ta ƙare. Zuciyata ta fara rubuta saƙon da kanta: ta fasa, ta yi tunani, ta ga tsoho ne. Dole in ji, kuma yanzu.

Na buɗe jerin Wi-Fi. Na ga sunan gidan abincin sau biyu, dishi-dishi. Ɗaya da kwaɗo a gefensa, ɗaya a buɗe. Na hau buɗaɗɗen. Ya ƙi tafiya. Wani rubutu ya fito daga wajen mabuɗin Nuriyya, ban iya karanta shi ba, ban kuma ciro tabarau ba. Na ce a raina, wato har nan kin biyo ni. Na danna, na kashe shi. Wallahi har da jin daɗi.

Nan take shafi ya buɗe, fari tas, da hoton farantin shinkafa. Ya ce in sa imel da kalmar sirri don in more kyauta. Na nisantar da wayar daga fuskata, na lalubi haruffan, na sa. Ya ce in sa lambar waya. Na sa. Wasu lambobi shida suka shigo ta saƙo, ya ce in kwafe su. Na kwafe. Sau biyu ma. Duk abin da aka tambaye ni na bayar, cikin ladabi, kamar mai amsa tambayar likita.

Saƙon Mouna ya sauka. Daƙiƙa huɗu. "Mushe, gosilo ne, ga ni nan tafe."

Ta iso cikin lafaya ruwan zuma, hannu da jan lalle, ƙamshin humra ya riga ta zama. Ta kalle ni ta ce, "Ina idanunka?"

"Ba kullum nake sa shi ba."

"Bon."

Aka kawo amala da miyar ewedu, ita ta ce shinkafa. Muka yi hira, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Ta ba ni labarin yadda ta fara zuwa Ikko tana gaida kwandastan danfo da "ina wuni" yana zaginta. Ina cikin dariya wayarta ta yi ƙara. Ta duba. Ta ɗago ta kalle ni, ta sake dubawa.

"Mushe, kana asibiti?"

"Wane irin asibiti?"

"Ga shi ka rubuto mini yanzu." Ta karanta a hankali, tana bin haruffan da farce: "Inaso kituramin wani abu yanzu ina asibiti wayata bata kira." Ta fashe da dariya har tana riƙe baki. "Kai? Kituramin? Kai da ka hana ni barci a kan wasali ɗaya?"

Ni ban yi dariya ba. Na ciro wayata. Fuskarta fari fat, wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Na ciro tabarau, na sa, a makare. Wayar ta mutu, ta tashi, ta yi mini maraba da Turanci kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce in zaɓi harshe.

Ba hoto. Ba suna. Ba koren ɗigo.

Na tashi tsaye har kujera ta faɗi. Na yi wa yarinyar da ke kan kanta ihu a kan Wi-Fi ɗinsu. Ta ce, "Oga, namu yana da kwaɗo, lambarsa tana jikin rasit." Mouna ta buɗe jerin a wayarta ta miƙo mini. Ga su nan, biyu, ɗaya bisa ɗaya. Iya Moyo Kitchen. Iya Moyo Kicthen.

Haruffa biyu sun yi musayar wuri. Irin kuskuren da nake kamawa daga ƙofa, takarda tana juye, injin yana ƙara. Na taɓa sa an sake buga kalanda dubu goma a kan ƙasa da wannan. Na waiga na dubi mutanen da ke cin abinci. Samari da kwamfuta, wata da jariri, wani da abin ji a kunne. Wanda ya ɗana tarkon ɗayansu ne, ko yana cikin mota a waje. Kowa cin abincinsa yake yi.

Mouna ta kama bakin hannun rigata. "Waya ce, Mushe. Ana sayen wata."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba," na ce, da muryar da ban taɓa yi mata ba. Na fita na bar ta da farantai biyu.

Kafin in isa gida Nuriyya tana tsakar gida, da katin aikinta a wuya, ko mayafi ba ta gyara ba. Rabin unguwa sun kira ta. Ɓarawon ya rubuta wa kowa: liman, mai nama, tsofaffin abokan aikina, Murtala. Kuma ga abin dariyar, idan kuna neman na dariya: ba wanda ya tura masa ko sisi. Liman ya ce yana ganin "dan Allah kataimaka" ya san ba ni ba ne. Shekara talatin ina ɓata wa mutane rai, ashe katanga nake gina musu. Ni kaɗai ne a waje.

"Baba, mabuɗin yana kunne?"

Na sunkuya ina cire takalmi.

"Baba."

"Na kashe."

"Me ya sa?"

Yaya Hansai tana zaune a kan turmi, ta fara gyaran murya, "Ai ƙaddara ce, abin da Allah ya..."

"Yaya, ki bar Allah ya huta da wannan. Ni na kashe." Na juya wajen 'yata. "Saƙo aka turo mini, na ƙagu in ji."

"Wa?"

"Mouna."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Wata goma sha huɗu saƙon uwata yana hannunka ba ka ƙagu ba. Na wannan ko minti biyar ba ka iya jira ba."

Duk karatuna ban sami abin da zan gyara a jimlar nan ba.

Ta zauna ta buɗe kwamfutarta. Ashe ranar da ta saka mabuɗin ta kuma sa lambarta a matsayin madogara idan asusun ya ɓata. Wannan shi ne leƙen asirin da take yi mini. Ta ce za a iya ƙwatowa, amma sai an bi matakai, zai kai kwana biyu. Kuma akwai kwafin duk saƙonnina a cikin asusun, idan ɓarawon bai taɓa ba.

Ya taɓa. Washegari da safe saƙo ya shigo wayar Nuriyya, da sunana, da hotona. Zan kwafe muku shi yadda yake, ko da hannuna yana ƙaiƙayi:

"Anti inakwana. Akwai wani voice da Baba baijiba. Ni naji. Hajiya tanada murya mai dadi Allah yajikanta. Inkunaso saiku sallameni. Inkuka taba account din zan goge."

A ƙasa ya liƙo guntu, daƙiƙa goma sha ɗaya, wai ɗanɗano.

Ɗan gida ne. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ba wani baƙo ba ne da zai ji surutu kawai. Yaro ne da aka yi wa huɗuba a kunne, wanda ya san a ce Allah ya jiƙanta, ya zauna wani wuri, wataƙila yana cin gyaɗa, ya danna abin da na kasa dannawa wata goma sha huɗu. Ya ji ta har ƙarshe. A duk duniya mutum ɗaya ne ya san maganar Safinatu ta ƙarshe, kuma bai iya raba "bai" da "ji" ba.

Nuriyya ta kai yatsa kan guntun. Na riƙe hannunta.

"Kada ki danna."

"Baba, har yanzu?"

"Ba zan ji ta a yanke ba. A biya shi. Ko nawa ne. A sayar da littattafan."

"Idan ka biya zai sake tambaya. Irinsu ba sa saki."

"Ki dakatar da abin da kike yi, na ce."

Ta dakatar. Ta rufe kwamfutar, ta tafi ɗakin uwarta ta rufe ƙofa. Na yi wunin nan ina rubuta wa ɓarawo saƙo da wayarta, ina ce masa "ɗana". Ni. Ina lallashinsa, yana ja mini rai, yana cewa sai ya yi shawara da oga. Ya faɗi kuɗi, na amince, ya ƙara. Na amince, ya yi shiru.

Ranar Alhamis da hantsi Yaya Hansai ta shigo, wannan karon da sallama, abin da ya tsorata ni. Wayar maƙwabciyarta ce a hannunta. Ta miƙo mini.

Ya sa hoton Safinatu a inda kowa zai gani. Hoton da na ɗauka a asibiti don in nuna wa likita kumburin fuskarta. Kanta ba ɗankwali, gashinta da ya zube, robar ruwa a hannu, bakinta a buɗe. A ƙasa ya rubuta cewa matarsa ce tana kwance, a taimaka, ga lambar asusu. Ya watsa shi a duk rukunin da nake ciki, har na tsofaffin ɗalibai, har na masallaci. Matar da ko mai kawo ruwa bai taɓa ganin gashinta ba. Matar da ta sa na juya baya a ɗakin haihuwa.

Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Nuriyya ta riga ta gani, idanunta sun nuna.

"Saura me?" na ce.

"Saura dannawa ɗaya. Za a kore shi daga ko'ina, hoton zai sauka. Amma zai ga alama kafin nan, Baba. Zai goge."

"Idan muka jira fa?"

"Wataƙila ya turo. Wataƙila. Hoton kuma yana nan yana yawo."

Ta ajiye kwamfutar a kan gadon uwarta, ta juyo da ita wajena, ta janye hannunta. Ba ta ce in danna ba, ba ta ce kada in danna ba. Na sa tabarau. Na karanta duk abin da ke shafin, harafi bayan harafi, har ƙananan rubutun ƙasa, yadda ya kamata in yi ranar Talata. Ba kuskure ko ɗaya.

Na danna.

Ya goge. Kada ku jira in ce muku an samu a wani lungu. Nuriyya ta bincika har la'asar, ma'ajiyar fayau. Lambar da yake karɓar kuɗi da ita ta daina shiga. Mun kai ƙara inda ake kaiwa, an ba mu takarda, an rubuta sunana ba daidai ba, ban ko gyara ba.

Da ta rufe kwamfutar sai ta ɗauko wayarta ta ajiye tsakaninmu a kan zanen gadon. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

"Kai za ka danna, ko ni?"

"Tare."

Ƙarar fankar asibiti ce ta fara fitowa. Sai tari. Sai dariya. Dariya, jama'a. Siririya, ta gaji, amma ita ce, wadda ta yi mini a kan tattasai.

"Malam Gyara. To na ji. Ka..." Ta yi shiru, da gangan, dogon shiru. "...zo. Ga shi na raba su. Yanzu kuma ka saurara, abin da nake so in..."

Shi ke nan.

Ba faɗa ba ne. Wata goma sha huɗu ina tsoron faɗan da ba a yi ba. Sauran daƙiƙa talatin da shida suna kan wani yaro da ke yawo a garin nan, idan ma bai manta ba. Wani lokaci a danfo nakan kalli samari ɗaya bayan ɗaya, in ji kamar in shaƙe wuyan wani in ce, me ta ce? Ba kuɗina nake nema ba, ba ɗauri nake so a yi maka ba. Me ta ce?

Nuriyya ta sa kanta a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Muka sake ji. Muka sake. Ta kwafe shi wuri uku a gabana, ban ce ni aka turo wa ba.

Ta gyara mini wayar a daren Juma'a kafin ta koma gidanta. Mabuɗin ya dawo wurinsa kusa da agogo. Yaya Hansai ta gan shi jiya, ta buɗe baki, na kalle ta, ta rufe. Ta dai isar da saƙo: wai Mouna ta ce ba ta yi fushi ba, ta biya kuɗin amalar, kuma idan Mushe zai sake zuwa ya zo da idanunsa. Ban amsa ba tukuna. Nuriyya ta ji saƙon, ta ce, "Tana da hankali," ta ci gaba da wanke kofi. Ban san me wannan ke nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Ku da kuke hawa duk abin da aka rubuta wa kyauta, ban zo yi muku wa'azi ba. Kowa ya san abin da ke cikin wayarsa da ba shi da na biyu.

Yau bayan asuba na buɗe wayar kamar yadda na saba. Ba koren ɗigo. Lambar Safinatu ita kaɗai na haddace a duniya, na sa ta da hannuna, shafin ya buɗe fari, ba komai a ciki. Na san layin ya mutu. Na san alama ɗaya zai nuna, ba za ta zama biyu ba. Na rubuta amsar da ya kamata in ba ta ranar nan da hantsi, dutsen guga yana hannuna. Na rubuta ta yadda ita za ta rubuta, na duba, ban taɓa komai ba, na tura.

Ganinan zuwa.